Jarrabawar Gwanayen Lissafin Kuɗi: Da Wane Fanni Ya Kamata A Fara?

Kowace shekara, daga watan Janairu zuwa ƙarshen Afirilu, duk wanda ya leƙa ofishin lissafin kuɗi na wani kamfani a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, zai tarar da ma'aikata sun duƙufa bisa takardu har bayan magariba. Dalili shi ne shekarar lissafi tana ƙarewa ran 31 ga Disamba, doka kuma ta ba da wata 4 kacal a rufe littattafai, a fitar da bayanin riba da hasara da na dukiyar kamfani. Daga cikin waɗannan ma'aikata, waɗanda a ke ce wa kontabul a ofisoshinmu, akwai samari da ƴan mata da su ke ɗauke da kaya na biyu, watau shirin jarrabawar da za ta kai su matsayin gwanin lissafin kuɗi, mutumin da doka ta yarda ya duba littattafan wasu ya sa hannu ya ce daidai su ke.

Tambayar da ta fi damun irin waɗannan matasa ita ce, da wane fanni zan fara, wanne kuma zan bari sai daga baya? Mai karatu yana iya ganin tambayar ƙarama ce. Amma wanda ya amsa ta da ka yana iya ɓatar da shekaru, da kuɗin iyaye, da ƙarfin zuciyarsa, alhali kuwa ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Saboda haka mu ka ga ya dace mu duba al'amarin a tsanake.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi

Ƙasarmu Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta ran 17 ga Oktoba 1993 a birnin Por Luwi na tsibirin Moris, domin a daidaita dokokin kasuwanci. Ran 26 ga Janairu 2017, a Barazabil, ƙungiyar ta sabunta dokar lissafin kuɗi, sabon tsarin SYSCOHADA kuma ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2018. A ƙarƙashinsa, ɗan kasuwar da cinikinsa na shekara bai kai sefa miliyan 60 ba yana iya riƙe ɗan taƙaitaccen littafin shiga da fita. Wanda ya kai haka kuwa, sai cikakken lissafi. Dokar kamfanoni da aka gyara a 2014 ta ƙara da cewa kamfanin da a ke kira SARL dole ya ɗauki mai binciken asusu idan ya cika biyu daga sharuɗɗa uku: dukiya sama da miliyan 125, ciniki sama da miliyan 250, ko ma'aikata na dindindin sama da 50.

Ba a tsaya nan ba. Ran 22 ga Disamba 2022, a nan Yamai, majalisar ministocin OHADA ta amince da tsarin lissafi na ƙungiyoyin da ba riba su ke nema ba, ya kuma fara aiki ran 1 ga Janairu 2024. Ke nan ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya ƙasa su ma sun shiga sahun masu bukatar lissafi bisa ƙa'ida. Hukumar da ke riƙe da rajistar gwanayen wannan sana'a a ƙasarmu, watau ONECCA, an kafa ta a 2003. Aiki yana ƙaruwa, kowane matashin da ya maƙale a tsakiyar hanya kuwa hasara ce ga iyalinsa da ƙasa baki ɗaya.

A zaɓi hanya kafin a jera fannoni

Kafin mutum ya ce zai fara da wannan ko wancan, sai ya san hanyar da zai bi, domin kowace hanya da nata tsari. Ta farko ita ce ta ƙungiyar UEMOA mai ƙasashe 8. A shekara ta 2000 ƙungiyar ta kafa takardar shaida mai suna DECOFI, a 2020 kuma aka gyara tsarin ya zama hawa uku: DECOGEF a matsayin lisansi, DESCOGEF a matsayin mastar, sa'an nan koyon aiki na shekara 3, watau sitaj, kafin jarrabawar ƙarshe. Makarantu irin su CESAG ta Dakar da babbar makarantar fasaha ta Yamusukuro sun daɗe suna shirya ɗalibai a kan wannan hanya. Amfaninta a fili ya ke, gama dokokin da ɗalibi zai karanta su ne na OHADA, waɗanda zai yi aiki da su gobe. A nan makaranta ce ke jera wa ɗalibi fannoni, abin da ya rage masa shi ne shirin kuɗi, da neman izinin barin aiki, da samun gwanin da zai karɓe shi sitaj.

Hanya ta biyu ita ce ta Faransa, wadda da yawa daga magabatan wannan sana'a a ƙasashenmu su ka bi. Ita ma hawa uku gare ta: DCG, DSCG, sa'an nan DEC bayan sitaj na shekara 3. A nan mutum yana iya yin rajista da kansa ba tare da ya shiga aji ba, ya zaɓi yawan fannonin da zai zauna a kowace shekara. Wannan ƴanci shi ke jawo ma'aikata, shi ne kuma ke kayar da su. Akwai abu biyu da ya wajaba a auna tun farko. Na ɗaya, dokar haraji da ta ƙwadago da tsarin lissafin da za a tambaya na Faransa ne. Ko harajin da a ke kira TVA ma, a can babban ma'auninsa kashi 20 cikin 100 ne, alhali ma'aikacinmu ya saba da kashi 19. Na biyu, a watan Janairu 2024 Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai, saboda haka wanda ya zaɓi wannan hanya ya tabbatar da garin da zai zauna jarrabawa, da abin da tafiyar za ta ci, kafin ya biya ko dala ɗaya.

Tunda yake a hanya ta biyu ne tambayar jerin fannoni ta fi tsanani, a kanta za mu yi bayani. Darasin da ke ciki kuwa zai amfani duk mai shirin jarrabawar da a ke ci kashi kashi.

Ƙa'idodin da ke yanke hukunci

Bisa tsarin da aka kafa a 2019, aka fara jarrabawa a kansa a 2020, hawan farko yana da fannoni 13 na tilas, hawa na biyu yana da 7. Sau ɗaya a ke zama a shekara: na farko wajen watan Mayu, na biyu wajen Oktoba. Wanda ya faɗi wani fanni sai ya jira baɗi. A kan ba da takardar shaida ga wanda matsakaicin makinsa ya kai 10 bisa 20, muddin babu fannin da ya samu ƙasa da 6. A hawan farko fannonin nauyinsu ɗaya, ke nan abin da a ke nema shi ne jimlar maki 130. Wanda ya ci 13 a wani fanni yana iya rufe 7 da ya samu a wani. Amma 5 ba ta rufuwa, ko da mutum ya ci 18 a duk sauran.

Ƙa'ida ta gaba ita ce wa'adi. Tsarin na 2019 ya ce makin da aka ci yana aiki har zama 8 da ke biye, daga nan ya mutu. Lissafin mai sauƙi ne. Wanda ke zama fanni ɗaya a shekara zai bukaci shekara 13, kafin ya kai ƙarshe na farko sun zube. Mai zama biyu a shekara zai gama cikin shekara 7, ya rage masa shekara 2 kawai na gyaran kuskure. Mai zama uku a farko, biyu daga baya, zai gama cikin shekara 5. Bugu da ƙari, wanda ya riƙe maki tsakanin 6 da 10 yana fatan rufe shi, idan ya sake rajistar wannan fanni tsohon makin ya tafi ke nan, ko da sabon ya fi shi muni.

Akwai kuma batun yafewa. Wasu takardun shaida, waɗanda hukumar Faransa ta jera sunayensu, suna sa a yafe wa mai su wasu fannoni. Wannan rangwame ne, amma fannin da aka yafe ba shi da maki, don haka ba ya rufe kome. A hawa na biyu, masu mastar ta lissafi da bincike ta jami'o'in Faransa a kan yafe musu fannoni 5, a bar musu biyu, watau haɗaɗɗen fannin shari'a da haraji da ƙwadago, da kuma fannin lissafi da bincike. Waɗannan biyu su ne kowa ya sani da wuya, ba su kuma da wani fanni mai sauƙi da za su jingina da shi.

A lura fa, irin waɗannan ƙa'idodi ba sa zama wuri ɗaya. A 2008 aka fara jarrabawar DCG a madadin tsofaffin takardu, a 2019 aka sake fasali, kuma hukumomi ba su daina gyara ba. Wajibi ne ɗalibi ya karanta sanarwar shekarar da zai yi rajista da idonsa, kada ya dogara da abin da wani yayansa ya gaya masa tun zamanin da shi ya zauna.

Tushe kafin bango

Abu na farko da ya kamata ya jera fannoni shi ne yadda su ke hawa kan juna. Magini ba ya ɗora azara kafin bango ya tashi. Fannin lissafi na farko, inda a ke koyon rubuta shiga da fita, da rage darajar kayan aiki, da rufe shekara, shi ne gindin lissafi mai zurfi, shi kuma wannan shi ne gindin fannin lissafi da bincike na hawa na biyu. Wanda bai iya karanta bayanin dukiyar kamfani ba, ba zai gane fannin sarrafa kuɗin kamfani ba, domin daga wannan bayani a ke ciro duk alƙaluman da a ke aunawa. Haka nan tushen shari'a, inda a ke koyon mene ne yarjejeniya, wane ne ɗan kasuwa a idon doka, shi ke buɗe ƙofar dokar kamfanoni, da ta haraji, da ta ƙwadago.

Makarantun Faransa da ke koyar da wannan karatu cikin shekara 3 sun daɗe da bin wannan tsari. Shekarar farko: tushen shari'a, tattalin arziki, sarrafa bayanai da kwamfuta, da lissafi na farko. Ta biyu: dokar kamfanoni, haraji, sarrafa kuɗi, da lissafi mai zurfi. Ta uku: dokar ƙwadago, shugabancin ma'aikata, bin diddigin tsadar aiki, da rahoton sitaj. Hikimar shekara ta biyu ita ce abu guda a ke kallo ta fuska uku. Idan kamfani zai raba riba, dokar kamfanoni ta faɗi wanda ke da ikon yanke shawara, dokar haraji ta faɗi rabon hukuma, lissafi kuma ya nuna yadda za a rubuta. Wanda ya karanta su tare, kowane ɗaya yana tuna masa ɗan'uwansa.

Kuskure biyu da aka fi yi

Kuskure na farko shi ne kwasar fannoni 6 ko 7 a zama ɗaya, wai ko Allah zai sa a dace da wasu. Kowa ya sani taura biyu ba ta taunuwa. Abin da kan biyo baya shi ne maki 7 nan, 8 can, 5 a wani wuri. Mutum ya shiga ruɗu, bai san wanda zai riƙe da wanda zai sake ba, ga kuɗin rajista da na littattafai da na tafiya sun tafi.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa, shi ne tsince masu sauƙi tukuna, a tura masu wuya gaba. Shekara biyu ko uku mutum yana murna yana cin jarrabawa, alhali agogon wa'adi ya fara tafiya tun ranar da ya ci ta farko. Sai ya wayi gari abin da ya rage masa duka duwatsu ne, ga aure ya zo, ga ƴaƴa, ga ƙarin matsayi a wurin aiki da ke cinye lokaci. Abin da hankali ya fi karɓa shi ne a haɗa kaya daidai ƙarfin jaki, kowace shekara fanni mai nauyi biyu, da ɗaya wanda mutum ya san yana da ƙarfi a kai, domin ya tara makin da zai rufe masa rauni daga baya.

Mu ɗauki misalin ma'aikaci a wani kamfani a Maraɗi, wanda ba shi da lokacin karatu sai dare da ranakun hutu. Shekarar farko ya ɗauki lissafi na farko, da tushen shari'a, da Ingilishi. Ta biyu, lissafi mai zurfi, da dokar kamfanoni, da tattalin arziki. Ta uku, sarrafa kuɗi, da bin diddigin tsadar aiki, da sarrafa bayanai. Ta huɗu, shugabancin ma'aikata da rahoton sitaj. Ta biyar, haraji da dokar ƙwadago. Fannoni 13 ke nan cikin shekara 5, da sauran shekara 4 a hannu idan wani abu ya faru.

Mai karatu zai ce, don me aka raba haraji da abokan tafiyarsa aka kai shi ƙarshe? Dalili biyu ne. Dokar haraji tana canzawa kowace shekara tare da kasafin kuɗi, ta ƙwadago ma ba ta daɗewa ba a taɓa ta ba. Sa'an nan wannan ma'aikaci ba ya aiki da dokokin Faransa a ofishinsa, abin da hannu ba ya taɓawa kuwa da wuri ya ke fita daga kai. Idan ya karanta su daf da shiga hawa na biyu, zai tarar da babban fannin shari'a da haraji tun karatun yana da ɗumi. Ɗalibin da ke aji dukan yini ba shi da wannan damuwa, shi ya bi tsarin makaranta. Game da Ingilishi kuwa, mutanen Maraɗi da Damagaram da Ƙonni da su ka saba hulɗa da Katsina da Kano da Sakkwato suna da ɗan rinjaye, amma kada su ruɗu, Ingilishin ciniki a bakin iyaka dabam ya ke da na rubuta bayani a kan tattalin arziki.

Kalandar aiki da ta jarrabawa

Abu na ƙarshe shi ne wanda mu ka fara da shi. Jarrabawar hawan farko tana zuwa ne makonni kaɗan bayan rufe littattafan shekara, a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke hana barci balle karatu. Ma'aikacin da ya ce zai fara shiri a watan Maris ya riga ya makara. Watanninsa na karatu su ne daga Yuli zuwa Disamba, abin da zai yi daga Janairu zuwa Afirilu bai wuce bita da gwada tsofaffin tambayoyi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hawa na biyu ya fi dacewa da mai aiki, tunda damina duka tana gabansa kafin Oktoba.

A hawa na biyun akwai wani tarko da ya kamata a sani. Dokar Faransa ta 2012 ta yarda mutum ya fara sitaj da zarar ya samu fannoni 4 daga cikin 7. Amma idan shekara 2 su ka cika bai kammala sauran ba, sai a dakatar da sitaj ɗin, a ba shi wa'adin da bai wuce shekara 3 ba. Idan wannan ma ya wuce, shekarun da ya yi sun tafi a banza. Mutane da yawa kan shiga da fannoni huɗu masu sauƙi, su bar manyan biyun nan, sa'an nan aikin ofis ya rufe su. Shawarar da ta fi ita ce a kayar da aƙalla ɗaya daga cikin biyun kafin a sa hannu a takardar sitaj. Bayan an gama sitaj kuma, takardar shaidarsa shekara 6 ta ke aiki, a cikinsu ne za a ci jarrabawar ƙarshe, har da littafin binciken da mutum zai rubuta ya kare a gaban alƙalai.

Kira ga waɗanda abin ya shafa

Wannan tafiya, daga bakaloriya zuwa takardar ƙarshe, ba ta kasa shekara 8 ko ga wanda bai taɓa faɗuwa ba. Saboda haka ba aikin mutum ɗaya ba ne. Iyaye da ke biyan kuɗi suna da haƙƙin su ce a nuna musu tsarin a rubuce, shekara kaza fanni kaza, kuɗi kaza, kuma idan an faɗi ga abin da za a yi. Shugabannin kamfanoni da ofisoshin lissafi, idan su ka ba ma'aikacinsu hutun mako biyu kafin jarrabawa, ba hasara su ka yi ba, gama gwanin da su ka rena shi zai riƙe musu littattafai gobe. Malaman jami'o'inmu na Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram, da magabatan sana'ar da ke cikin ONECCA, za su yi babban taimako idan su ka riƙa zama da ɗalibai tun shekarar farko suna bayyana musu bambancin hanyoyin nan biyu, kafin kowa ya kashe kuɗinsa.

Ga matashin da ke riƙe da takardar rajista a hannu kuwa, shawararmu ita ce ya ajiye ta tukuna, ya ɗauki farar takarda. Ya rubuta shekarar da makinsa na farko zai mutu, ya ƙirgo baya zuwa bana, ya jera fannonin kowane a bayan gindinsa, ya bar shekara biyu ko fiye babu kome domin abin da ba a zata ba. Wanda zai riƙe lissafin dukiyar jama'a, ya dace ya fara da lissafin shekarunsa. Allah ya ba mai rabo sa'a, amin.